Maldib: Ƙasar Da Teku Ke Neman Haɗiyewa

Dattawan kasuwannin Maraɗi da Damagaram sun san labarin wuri, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan Nasara. Galibin wurin nan daga Maldib aka kwaso shi, wata ƙasar Musulmi ta tsibirai wajen 1.190 a tekun Indiya. Yau ƙasar nan tana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, domin yawancin tsibiranta ba su ɗara ruwan teku da fiye da mita ɗaya da rabi ba, alhali tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Dalili kuwa shi ne ɗumamar duniya: ƙanƙara na narkewa, ruwa kuma in ya yi zafi sai ya kumbura.

A watan Afrilu na 1987 manyan igiyoyi suka kutsa Male, babban birnin ƙasar, suka cika tituna da gidaje. A shekarar nan shugaba Maumun Abdul Gayum ya kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasar Japan ta amsa kira, ta kashe wajen dalar Amurka miliyan 60 ta kewaye birnin da ganuwa, aka jibge tubalan siminti masu ƙafa huɗu don su karya ƙarfin igiya. An gama aikin a 2002. Da igiyar tsunami ta afko ran 26 ga Disamba 2004, ruwa ya shiga Male, amma ganuwar ta rage masa ƙarfi, birnin ya tsira. A sauran tsibirai kuwa mutum fiye da 80 suka rasa rayukansu.

To, a nan gizo ke saƙar. Tsibirai kusan 200 ne ke da mazauna, kuma baitulmalin ƙasar ba zai iya yi wa kowanne ganuwa ba. Saboda haka hukuma ta ɗauki hanyar tara jama'a wuri guda. Tun 1997 ta soma yaso yashi daga ƙarƙashin teku tana gina sabon tsibiri mai suna Hulhumale, kusa da Male, wanda ya ɗara teku da wajen mita 2. Aka fara zama cikinsa a 2004. Mutanen tsibirin Kandoludu, da tsunami ta rusa wa gidaje, su fiye da dubu 3 aka mai da su wani tsibirin dabam. Sun samu sababbin ɗakuna, amma sun bar makabartar iyayensu a baya.

Dabarar nan tana da nata lahani. Duwatsun murjani da ke zagaye da tsibiran su ne ganuwar farko da Allah ya yi musu, su ke tare igiya tun kafin ta iso gaɓa. Yasar yashi na binne murjanin da laka, zafin ruwa kuma ya kashe da yawa daga cikinsa a 1998 da 2016. In murjani ya mutu, kifi ya ragu, baƙi masu yawon buɗe ido su ja baya, alhali da su ƙasar ta dogara.

Saura tambayar wa zai biya. Hayaƙin da ke ɗumama duniya ba daga Maldib ya fito ba. Shi ya sa a 2009 shugaba Muhammad Nashid ya yi zaman majalisar ministoci a ƙarƙashin ruwa, don duniya ta gani. Sai a 2022, a taron Sham el-Shek na ƙasar Masar, aka yarda da kafa asusun biyan ɓarnar yanayi. Abin da aka yi alkawarin zubawa cikinsa bai kai ko kusa da bukata ba. Ƙasashen Sahel, masu fama da fari da ambaliya, su ma wannan asusun suka zuba wa ido.