Dogon Ruwa, Matsirgar da ke Dajinmu

 Yau hirar tamu za ta fitar da mu daga tsakar gida, ko da a baki ne.

Ke uwargida da ke Kutemeshi ko Kuyello ko Dogon Dawa, in aka ce daji na san abin da ke faɗo miki a rai: itacen girki, kaɗanya, ɗorawa, sai kuma fargaba. To amma a dajin nan namu na Birnin Gwari akwai wani abu da baƙi suka riƙa niƙo gari daga nesa don su gani, mu kuwa da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Wato matsirgar Dogon Ruwa, wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, a cikin gandun dajin Kamuku.

Shi wannan gandu yana yamma da garin Birnin Gwari ne, mu kuma muna gabas, saboda haka tafiya ce ta sammako. Tun 1936 En'e ta keɓe shi, sannan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya dangana da dajin Kuyambana na Zamfara. Sunansa kuwa na Kamukawa ne, waɗanda suka daɗe a yankin tare da Gwarawa. An san shi da giwa da gwanki da gadu da birai, ga tsuntsaye iri-iri.

Me ke sa ruwa ya tsirgo haka? Kin ga dai yadda indararo ke haƙa rami a gindin katanga da damina. To haka abin yake. Kogi na tafe a kan dutse mai tauri, sai ya iso inda dutsen ya ƙare, ƙasan da ke gaba ta fi laushi. Shekara da shekaru ruwa na cin mai laushin, mai taurin na nan tsaye, har wurin ya zama gangare. Inda ruwan ke sauka kuma sai ya haƙa gurbi mai zurfi.

Gurbin nan shi ne abin da nake so ki riƙe. Daga sama za ki gan shi kwance kamar ruwan randa, alhali a ƙasa juyawa yake yi, yana jan abin da ya faɗa ciki. Yaron da ya iya iyo a rafin bayan gari ba lalle ya iya da wannan ba. Duwatsun bakinsa kuwa gansakuka ta rufe su, sun fi sabulu santsi. Kada ki taka su da goyo, kada ki taka su da silifas, kuma ki tattare hijabinki da zaninki don kada su harɗe ki. Wani abin mamaki, ana iya yin ruwan sama can nesa a saman kogin, ku nan rana na haskawa, kafin ku ankara ruwa ya ƙaru. Da zarar kin ga ya fara yin ja, ko ƙararsa ta canja, tattara yara ku hau tudu. Inda ruwa ya kwanta a gefe ma a hana su wanka, nan ake ɗaukar tsargiya.

Lokacin da ya fi, a ganina, shi ne kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa na nan da ƙarfinsa, hanya ta soma bushewa, daji shar. A Agusta ruwan ya yi yawa, hanya ta caɓe. Da bazara kuma sai ki sha wahalar tafiya ki tarar da ɗan siririn ruwa.

Na san wata na cewa, “Ni da ko biki sai da dare nake fita, ina ni ina wannan?” Ai ba tafiyar mace ita kaɗai ba ce. Shawara ce ta maigida, shi zai jagoranci iyalinsa, a haɗu gida biyu ko uku a ɗauki mota guda. Naki shi ne guzuri: dambu, ƙuli-ƙuli, fura, da ruwan sha daga gida, don na kogi ba na sha ba ne komai haskensa. Ledar da aka zo da ita a koma da ita.

Sai babbar magana, wadda kun fi ni saninta. Shekaru da dama 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, aka rasa rayuka da dukiya, yawon buɗe ido ya tsaya cik. A Nuwamba 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu, har aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari. Mun gode Allah. Amma buɗe kasuwa daban, shiga tsakiyar daji da mata da yara daban. Kada maigida ya ɗauki maganar tasha. Ya tambayi ma'aikatan gandun da jami'an tsaro da masu unguwannin yankin tukuna. In suka ce a dakata, a dakata, dutse ba ya tashi. In suka ce a zo, to da rakiyar ma'aikacin gandu, a shiga da hantsi a fito kafin la'asar.

Wadda kuma Allah Ya kai ta wajen 'yan uwa a Suleja ko Minna, akwai matsirgar Gurara a Jihar Neja, tsayinta kusan mita 30. A kusa da Kafanchan ma akwai wadda sunanta ke nan, Matsirga. Can ɗin ma a fara tambayar lafiyar hanya.

Kafin ranar ta zo, in an taru a tabarma bayan sallar isha, ki tambayi tsofaffin gidanku abin da suka sani game da Kamuku kafin rikici, yara na ji. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.