Bajimin Garke da Ilmin Gadon Halitta

A karkarar Funtuwa da Malumfashi, idan maraƙi ya taso da faɗin ƙirji da saurin girma, yawanci ɗayan biyu ne makomarsa: ko a dandaƙe shi a ɗaura masa garma, ko a turke shi da dusa da angurya a kai kasuwa. Haka ma ragon da ya fi kyau, layya ce ke jiransa. Wanda aka raina shi ake bari ya yi barbara. Ke nan manomi da hannunsa yake zaɓen irin da zai gaji garkensa, amma zaɓen baya-baya.

Dalili kuwa shi ne, kowane maraƙi yana karɓar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Saniya ɗa guda take bayarwa a shekara, in ma an dace, alhali bajimi ɗaya yana iya zama uban 'yan maruƙa da dama a damina guda. Saboda haka aibinsa, ko nagartarsa, ya fi saurin bazuwa.

A Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firiziyan, shanun Turai masu yawan nono. 'Yan ruwa-biyun da ake samu sun fi Bunaji nono nesa ba kusa ba, sai dai gwargwadon yadda jinin Turai ya ƙaru, gwargwadon yadda zafi da kaska da ƙarancin harawa ke kayar da su. Juriyar Bunaji ba abin zubarwa ba ce.

A 2009 masana suka wallafa jerin ƙwayoyin gadon saniya. A Amurka, ana tsinke gashin wutsiyar maraƙi a duba alamomi dubbai cikin DNA ɗinsa, a yi hasashen nonon da 'ya'yansa mata za su bayar, maimakon jiran shekara biyar. To amma wannan hasashe ya dogara ne da rijistar nono da haihuwa ta dubban shanu, kuma abin da aka koya daga Firiziyan ba ya hawa kan Bunaji mai tozo yadda ya kamata. Bunaji na buƙatar tata rijistar: wace saniya, wane bajimi, kwarya nawa a rana, wata nawa tsakanin haihuwa da haihuwa. Wannan aiki littafi da biro yake buƙata, kuma a bakin turke ake fara shi.