Na'urorin Magance Ciwon Daji da Zafi: Inda Riba Take da Inda Jari ke Nutsewa

LEGAS – Fiye da shekara ɗari ke nan da likitoci suka lura cewa zafi yana raunana ciwon daji. A shekarar 1891 wani likitan fiɗa na Amurka, William Coley, ya fara yi wa masu wannan ciwo allurar ƙwayoyin cuta waɗanda kan haddasa zazzaɓi mai tsanani, aka kuma ga ƙarin da ke jikin waɗansunsu ya motse. Sai dai mayar da wannan sani na'urar da hukuma za ta ba lasisi, likita ya amince da ita, asibiti kuma ya iya saye, shi ne aikin da ya cinye jarin kamfanoni da dama. Ya kamata 'yan kasuwar da ke sha'awar shigo da kayan asibiti su san dalilin haka.

Hanyoyi biyu na amfani da zafi

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. A hanya ta farko ana ɗumama ƙarin zuwa digiri 40 ko 43 na kimanin awa guda. Wannan ɗumi shi kaɗai ba ya warkarwa. Amfaninsa shi ne yakan ƙara gudun jini da iskar oksijin a cikin ƙarin, ya kuma hana ƙwayoyin dajin gyara kansu bayan an harba musu haske mai ƙarfi, watau maganin da asibitoci ke kira gashin daji. Saboda haka kullum ana haɗa shi da gashin ko da magungunan dajin da ake ɗurawa ta jijiya.

A hanya ta biyu ana ƙone ƙarin ne kai tsaye da zafin da ya kai digiri 60 ko fiye. Likita yakan soka wata siririyar allura ta fata har cikin ƙarin, yana kallon hotonta a na'urar sikanin, sa'an nan ya saki igiyar rediyo ko ta maikirowef ta bakin allurar. An fi yin haka ga ƙananan ƙari na hanta da ƙoda da huhu, musamman waɗanda faɗinsu bai wuce santimita 3 ba. Akwai kuma na'urorin da ke tattara igiyar sauti a wuri guda, kamar yadda gilashi ke tattara hasken rana ya ƙona takarda. Kamfanin Haifu na birnin Chongqing a ƙasar Sin yana ƙera irinsu.

Abin da ke cin kuɗi

Samar da zafi abu ne mai arha. Tsadar tana wajen kai shi daidai inda ake so, da auna shi, da tsare lafiyayyen naman da ke kewaye. Jini yakan kwashe zafi, don haka ƙarin da ke kusa da babbar jijiya ba ya ƙonewa sosai, kuma ɗan abin da ya rage ya isa ya dawo da ciwon. Shi ya sa injiniyoyi ke ɗaukar shekaru suna aiki a kan ma'aunan zafi da manhajojin kwamfuta masu lissafa yaɗuwarsa a cikin jiki.

Bayan wannan sai gwaji a kan majinyata, wanda ya fi kome tsada da cin lokaci. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, wanda mujallar Lancet ta buga a shekarar 2000, ya nuna cewa daga cikin mata masu dajin bakin mahaifa da aka yi wa gashi kaɗai, kashi 27 cikin 100 ne suka kai shekara uku da rai, alhali waɗanda aka haɗa musu da ɗumama kashi 51 ne.

Duk da irin wannan sakamako, ciniki bai biyo baya yadda aka zata ba. Babbar na'urar ɗumama tana bukatar ɗaki na musamman da ƙwararrun ma'aikata, kuma majinyaci guda yakan riƙe ta fiye da awa. Idan kamfanonin inshorar lafiya ba sa biyan kuɗin da ya dace, asibiti ba zai fid da uwar kuɗinsa ba.

Darasi daga kamfanoni uku

Kamfanin BSD Medical na jihar Utah a Amurka ya shafe fiye da shekara 30 yana ƙera na'urorin ɗumama. A shekarar 2011 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ba na'urarsa BSD-2000 taƙaitaccen izni na amfani a kan dajin bakin mahaifa. A 2015 ya sayar wa kamfanin Pyrexar da wannan sashe, ya sauya suna zuwa Perseon, ya mai da hankali ga allurar maikirowef. A 2016 jarinsa ya karye.

A wannan shekarar ce kuma Ethicon, reshen katafaren kamfanin Johnson & Johnson, ya saye kamfanin NeuWave mai ƙera irin wannan allura. Bambancin a fili yake: ɗaya yana fafutuka shi kaɗai, ɗaya kuwa ya shiga hannun mai dillalai a asibitocin duniya.

Na uku shi ne MagForce na ƙasar Jamus, wanda ya ƙirƙiro dabarar ɗura garin ƙarfe mai matuƙar laushi a cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, a ɗumama shi da maganaɗisu daga waje. Ya sami iznin sayarwa a Turai a 2010, amma a 2022 ya bayyana wa kotu cewa ya kasa biyan basussukansa. Watau lasisi daban, kasuwa daban.

Ƙaramar na'ura, babbar bukata

Na'urar da ta fi dacewa da ƙasashe masu tasowa ita ce mafi sauƙi a cikinsu. Asalinta ƙirar likitan Jamus Kurt Semm ce ta shekarar 1966. Wani ɗan ƙarfe ne da ake zafafawa zuwa digiri 100, a ɗora a bakin mahaifa na daƙiƙa 20 zuwa 30, ya ƙone tabon da kan rikiɗe ya zama daji idan an bar shi. Ba ta warkar da dajin da ya riga ya kama, hana shi tasowa take yi. Irin ta zamani ana riƙe ta a hannu, batir take amfani da shi, kuma ungozomar da aka horar tana iya sarrafa ta. Tsohuwar hanyar daskarar da tabon kuwa sai da tukunyar gas mai nauyi, wadda ke da wuyar samu a ƙauye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin amfani da ita a 2019, ƙungiyoyin Unitaid da CHAI kuma suka daidaita da masu ƙera ta a kan farashin da bai kai dalar Amurka 900 ba. A 2020 hukumar ta sa burin cewa kafin 2030 a riƙa duba kashi 70 cikin 100 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. A Nijeriya, ƙiyasin 2020 ya nuna mata kimanin 12,000 sun kamu da wannan daji, kusan 8,000 suka rasu.

Abin lura ga mai zuba jari

Kafin ɗan kasuwa ya buɗe takardar oda, wajibi ne ya tabbatar na'urar tana da rajistar hukumar NAFDAC, ya kuma ga shaidar gwajin da aka yi mata a kan irin dajin da ake cewa tana magancewa. Haka nan ya lissafa kuɗin kayan gyara da horar da ma'aikata da wutar lantarki, da kuma alluran da sau ɗaya ake amfani da su a yar, waɗanda da kuɗin ƙasashen waje ake sayensu kowace shekara. Har ila yau ya binciki ƙarfin aljihun mai ƙera ta, domin in kamfani ya durƙushe, na'urarsa takan zama marainiya a kusurwar asibiti.

Tambaya ta ƙarshe, wadda ta kayar da manyan kamfanoni, ita ce wa zai biya kuɗin maganin: gwamnati, inshora, ko majinyaci daga aljihunsa. Wanda bai sami amsarta ba tun kafin kaya su iso tashar Apapa, yana iya wayar gari da na'ura mai aiki lafiya lau amma babu mai hawa kanta.