Tsohon Lista na Kawu a Libreville: injin da ake jin numfashinsa

Daren da na sauka Libreville ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, kuma kafin mu ƙarasa gidan kawuna a unguwar Akébé wuta ta ɗauke. Washegari, muna dawowa daga sallar asuba, sai na ji wata ƙara daga bayan gida, tuk, tuk, tuk, a natse, babu gaggawa. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya kafin ƙananan injuna su cika gari ya san wannan ƙarar. Injin Lista ne. Rabona da jin ta tun ina yaro ana aikena kai niƙa, ban taɓa zaton a bakin tekun Gabon zan sake cin karo da ita ba.

Kafin bakwai na safe mata sun yi layi da robobin jiƙaƙƙen rogo da masara. Masu niƙa da lantarki a layin duk suna zaune sun zuba tagumi, Kawu kuwa yana ta karɓar sefa.

Gaskiyar magana, saboda wannan injin aka kira ni. Kawu ya haura saba'in, ya bar gida tun yana saurayi, ya bi ta Kamaru ya zauna cikin Hausawan Bitam da Oyem na ɗan lokaci, kafin ya gangaro babban birni. Injin kuma na hannu ya saya wurin wani ɗan Najeriya da ya ɗauko shi ta ruwa daga Kalaba. Yanzu kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, nozul ɗin injin ya gaji, 'yan gwangwan sun zo sun yi masa kuɗi da kilo. Babban ɗansa, abokin wasana, shi ya bugo mini waya: "Kai yake jin maganarka. Zo ka lallashe shi a sayar da wannan tsohon ƙarfen a sa na lantarki, kafin wata rana ya karya shi."

Da na fara kewaye-kewaye da maganar, Kawu bai ce mini komai ba. Sai da aka tashi aiki ya ce, "Ɗana, gobe kai za ka tayar da shi. Idan ka tayar, sai mu yi magana."

Yadda ake tayar da shi

Injin silinda ɗaya ne a tsaye, koren fenti duk ya koɗe, da manyan wili biyu na zubin ƙarfe, ɗaya a kowane gefe. A jikinsa akwai ɗan allon tagulla da sunan kamfanin R. A. Lister na garin Dursley a Ingila. Irin wannan ƙirar, wadda ake kira CS, ta fito ne wajen 1930, aka ci gaba da yin ta har 1987, kuma har yau ana ƙera kwafinta a Rajkot ta ƙasar Indiya. Ƙarfinsa doki 6 ne kacal, yana juyi 650 a minti. Injin ƙaramar mota yana ninka wannan sau da yawa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Amma maza huɗu ba sa ɗaga wannan daga ƙasa.

Babu batir, babu makunni, babu fulogi. Kawu ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da ake turawa ya tokare bawul ɗin fitar hayaƙi ya bar shi a buɗe, don kada iska ta matsu a ciki. Sannan ya murɗa wani abu mai kama da kan famfo a gefen kan injin har ya ƙure. Na sa handul na fara juyawa. Da farko kamar ana tura mota a yashi, amma da wilin suka ɗauki gudu sai na ji su ne ma ke jan hannuna. Ina jin wani ɗan ƙiƙ, ƙiƙ daga sama, Kawu ya ce wannan nozul ne ke feshin mai, in ba ka ji shi ba kada ka wahalar da kanka. Sai ya zare tokarin. Injin ya yi tari, ya furzar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Sau uku ina yi, gumi har cikin ido, matan layi suna ta dariya da Faransanci. A na huɗu ya kama.

"To ka ji shi," in ji Kawu. "Ya shaƙa, ya danne, ya buga, ya furzar. Shi ke nan karatun."

Wallahi duk littafin da na karanta bai faɗe shi a taƙaice haka ba. Fistan ya sauka, bawul ɗaya ya buɗe, iska ta shiga. Ya hau, bawul biyun a rufe, ya matse iskar cikin ɗan wuri ƙanƙane har zafinta ya wuce digiri 500. Wanda ya taɓa taɓa gindin famfon keke bayan ya sha aiki ya san iska na zafi idan an matse ta. A daidai wannan lokacin nozul ya fesa gas, ko gazuwal kamar yadda ake ce masa a nan, man ya kama da kansa, ya tunkuɗa fistan ƙasa. Ya sake hawa, ɗaya bawul ɗin ya buɗe, hayaƙi ya fita. Tafiya huɗu, juyi biyu, bugu ɗaya tak. Ke nan a minti guda bugu 325 yake yi, biyar da ɗan ɗori a daƙiƙa, shi ya sa kunne ke iya rarrabe su. Sauran tafiya ukun kuwa ci suke yi ba sa kawowa, kuma nan amfanin wilin yake: su karɓi ƙarfin bugun nan ɗaya su adana, su riƙa ciyar da injin har wani bugun ya zo. Nauyin da ɗan Kawu yake gani a matsayin kilo na sayarwa, shi ne rumbun injin.

Wancan abu mai kama da kan famfo ma yana da dalili. Akwai wani ɗan ɗaki na biyu a cikin kan injin. Idan ka murɗa ka rufe shi, wurin da iska za ta matsu ya ragu, zafin ya ƙaru, injin ya tashi ko da ƙarfen a sanyaye yake. Da ya ɗumama sai a warware, ɗakin ya buɗe, matsin ya sauka, injin ya yi aikinsa ba tare da ya ci kansa ba.

Kakanninsa

Abin da Kawu ya faɗa da kalmomi huɗu, Turawa sun shafe shekaru suna lalube kafin su kai gare shi, kuma kalmar da ta fi ba su wuya ita ce ta biyu, wato dannewa.

A 1860 Étienne Lenoir ya fito da injinsa a Faris. Kamanninsa na injin tururi ne sak, sai dai maimakon tururi yana shaƙar iskar gas ta kwal, irin wadda ake kunna fitilun titi da ita, tartsatsin lantarki ya kunna ta fistan yana tsakiyar tafiya. Babu matsi ko kaɗan. Ya yi aiki, an saya, amma cikin kashi 100 na ƙarfin man da yake ci, kusan kashi 4 kawai yake mayarwa aiki. A 1862 wani Bafaranshe, Alphonse Beau de Rochas, ya rubuta a takarda cewa sai an matse kafin a kunna, ya tsara tafiya huɗun nan, amma bai ƙera injin ba. Shi kuwa Nikolaus Otto na Jamus da abokinsa Eugen Langen sun fara bin wata hanya daban: fashewa ta cilla fistan sama kamar harsashi, sannan nauyinsa da matsin iskar waje su dawo da shi ƙasa, a dawowar ne yake juya wili ta wani dogon ƙarfe mai haƙora. Ƙararsa kamar ana rushe gini, amma ya ci lambar zinariya a baje-kolin Faris na 1867 saboda ƙarancin shan mai. Sai a 1876 Otto ya ƙera mai tafiya huɗu wanda ya zama uban kusan duk injin mota na yau. Daga baya, a 1886, aka soke haƙƙin mallakarsa a Jamus saboda waccan tsohuwar takarda ta Beau de Rochas.

Saura matsalar kunnawa. Wasu sun yi da harshen wuta, wasu da bututun da ake gasawa ya yi ja. Herbert Akroyd Stuart na Ingila ya yi nasa a 1890 da wani ƙoƙon ƙarfe a kan injin, wanda sai an hura masa wuta ya yi zafi kafin a tayar. Rudolf Diesel, Bajamushe haifaffen Faris, shi ya ce a matse iskar kawai har ta isa kunna man. Injinsa na 1897 a Augsburg ya mayar da kusan kashi 26 aiki, abin da babu injin da ya kai a zamanin. To amma injunansa na farko sai da wani famfon iska na daban mai hura man ciki, ga girma ga tsada. Sai da ƙaramin famfon mai irin wanda Bosch ya fara fitarwa da yawa a 1927 ya samu, sannan aka iya yin ƙaramin dizal da manomi ko mai niƙa zai mallaka. Lista na Kawu ɗan wannan zangon ne.

Da rana ya cire marfin gefe ya haska mini ciki da tocila. Ga wani ɗan ƙarfe kamar cokali a ƙasan sandar fistan, yana tsoma baki cikin baƙin mai a kowane juyi yana fantsama shi ko'ina. Ga wasu dunƙulen ƙarfe biyu da ke buɗewa idan gudu ya yi yawa, su ja sandar famfo su rage mai. Idan an zuba rogo injin ya ji nauyi, su tsuke, mai ya ƙaru. Sunan wannan gwamna, dabarar kuma tun injunan tururi na James Watt ake amfani da ita. Kawu ya ce shi ne kaɗai gwamnan da ya taɓa gani yana rage ci idan abu ya yi yawa. Sanyaya injin ma babu fanka babu famfo: duro ne cike da ruwa da tiyo biyu, ruwan zafi ya hau ta na sama da kansa, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa.

Maganar man gyada

Akwai labarin da na ba Kawu wanda ya sa ya ajiye sifana ya zauna. A baje-kolin Faris na 1900 an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyada zalla. Diesel da kansa ya ba da labarin a 1912, ya ce gwamnatin Faransa ce ta nema, don tana tunanin ƙasashen Afirka da take mulka, inda gyada ke yi, su riƙa noma man injunansu da kansu. Gabon na cikin mulkin Faransa a lokacin. A wannan shekarar ta 1912 kuma jirgin ƙasa ya fara kwasar gyada daga Kano zuwa Legas, abin da ya kai mu ga dalar gyada. Gyadar ta tafi Turai aka yi sabulu da man girki, mu kuma aka riƙa kawo mana man injin a duro. Gabon ma daga baya, a shekarun 1950, ta haƙo nata fetur a yankin Port-Gentil, maganar ta bi ruwa.

Kawu ya ce ai shi ya taɓa gwadawa, wata shekara da gazuwal ya yi wuya. Ya tace man gyada ya sirka da kananzir, injin ya ci, rumfar ta cika da ƙamshin ƙosai. Amma man ya fi kauri, bayan kwanaki sai da ya kwance nozul ya kankare masa baƙin daskararre. "Kuma yanzu," in ji shi, "je Mont-Bouët ka tambayi litar man gyada. Wanda ya zuba wa inji, matarsa za ta kai ƙararsa."

Ban zo nan don in ce ɗan Kawu bai da gaskiya ba. Yana da ita. Wilin nan a buɗe suke, bel ɗin ma haka, kuma Kawu da babbar riga yake zagaya su. Hayaƙin yana shiga ɗakunan maƙwabta. Damshin Libreville yana cin ƙarfe ba dare ba rana. Nozul ɗin da aka sayo masa bara a wani shago jabu ne, wata biyu ya yi ya fara zubar da mai. Injin lantarki kuwa maɓalli ne kawai, yaro ma zai danna. Sai dai ranar da ya ƙone, ko ranar da babu wuta, babu abin da Kawu zai iya yi masa sai kallo, alhali wannan babu ƙusa ɗaya a jikinsa da bai taɓa kwancewa da hannunsa ba.

A daren ƙarshe muka zauna mu uku. Abin da aka tsayar shi ne za a sa na lantarki a gefe, za a yi wa wilin da bel ɗin kejin waya, kuma Kawu ya daina taɓa handul. Jikansa mai shekara 16, wanda na lura tun ranar farko yana laɓe yana kallon hannun kakansa, shi zai riƙa tayarwa. Ɗan Kawu bai ji daɗi sosai ba, ya ce an aiko ni lallashi na koma ɓangaren abokan gaba, kuma zai rama idan ya zo Kano. 'Yan gwangwan dai an ce su dakata.

Da zan tafi filin jirgi Kawu ya miƙo mini tsohon nozul ɗin na asali, naɗe cikin tsumma da leda, da lambobin jikinsa a rubuce a bayan wata takardar magani. Ya ce in duba masa a Kofar Ruwa, in ban samu ba in gwada Sabon Gari, kuma kada in yarda da wanda kwalinsa ya cika ƙyalli. Yana nan cikin jakata, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar.