Asalin Sunan Audu

Wani mai sauraronmu daga Ɗambatta ya aiko da takarda yana tambaya: shin Audu sunan yanka ne, ko kuwa laƙabi?

To malam, asalin Audu dai Abdullahi ne, wato bawan Allah da Larabci, kuma shi ne sunan mahaifin Manzon Allah (SAW). Aka taƙaita shi ya koma Abdu, sannan bakin Kanawa ya sassauta shi. Ka lura, Basakkwace kan ce sabka, Bakano ya ce sauka. To haka Abdu ya zama Audu. Galibi Abdullahi liman ke raɗa wa yaro, Audu kuwa a gida ake laƙaba masa.

Cikin waɗanda suka yi fice da sunan akwai Audu Bako, gwamnan Jihar Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, wanda ya gina madatsar ruwa ta Tiga da manoman rani ke mora. Akwai kuma Audu Ogbeh, mutumin Binuwai, ministan gona daga 2015 zuwa 2019.

Sai dai a kula: wajen yin katin ɗan ƙasa ko buɗe asusun banki, a riƙe suna guda, kada Audu ya hana Abdullahi karɓar kuɗinsa.