Farin Soso a Cikin Silin: Sanyin da Ke Iya Jawo Gobara

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Fagge ko Sabon Gari a watan Afrilu ya san yadda zafi ke saukowa daga sama, musamman ranar da rana ta haura digiri 40. Wannan ya sa wasu magidanta ke shimfiɗa farin soson nan mara nauyi, irin wanda ake samu a kwalin firij ko talabijin, tsakanin kwano da silin. Sunansa folistarin. Gaskiya ne yana tare zafi, ga araha, amma akwai haɗarin da ya kamata mai karatu ya sani.

Me ya sa yake da haɗari?

Daga man fetur ake sarrafa shi. Da zafi ya kai wajen digiri 100 sai ya fara laushi, in kuwa wuta ta kama shi sai ya narke yana ɗigowa da wutar a jikinsa, kan katifa ko kan mai barci. Cikin silin kuma nan ne hanyar wayoyin lantarki. Idan soson ya daɗe manne da waya, robar da ta lulluɓe wayar takan bushe ta tsage, daga nan sai tartsatsi.

Hayaƙinsa baƙi ne wuluk, yana ɗauke da iska mai guba wadda ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa. A gobara, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. A watan Afrilun 1996, a filin jirgin saman Dusildof na ƙasar Jamus, tartsatsin walda ya kama irin wannan soso a cikin rufi, mutum 17 suka rasu, akasarinsu saboda hayaƙi. Mu ma nan ba mu manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba, wadda ta nuna saurin yaɗuwar wuta inda gini ya haɗe da gini. Haka gidajenmu suke, rufi na jingine da rufi.

Abin da ya kamata a yi

Idan akwai soson a rufinka, abin da ya fi shi ne a cire. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyi, ya zura su cikin bututu. Kada a yi walda a kan rufin. Silin na filasta ba ya cin wuta, kuma shafa wa kwano farin fenti da buɗe kafar iska suna rage zafi sosai.

Idan tsautsayi ya auku

A fitar da kowa, a sunkuya ƙasa da hayaƙi, sannan a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112. A zuba wa ƙuna ruwa mai tsabta na minti 20. Kada a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai, kada kuma a ɓamɓare robar da ta manne a fata.

Wanda ya shaƙi hayaƙi, ko da bai ƙone ba, a kawo shi sashen agajin gaggawa nan take, musamman in muryarsa ta dishe ko akwai baƙi a hancinsa, domin maƙogwaro kan kumbura bayan wasu awoyi. Yara da tsofaffi da masu asma sun fi saurin galabaita.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.