Fuska ɗaya, kayan aiki da yawa: misalin LibreOffice

1. Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba abin da muke kira "fuskar aiki", wato tagogi da jerin umarni da ƴan hotunan da mutum yake taɓawa da linzami don ya ba kwamfuta umarni. Mun ɗauki misalin LibreOffice, dangin manhajojin da suka ɓalle daga OpenOffice.org a 2010. Uku daga cikinsu sun fi shafar mai nazarin harshe: Writer na rubutu, Calc na jadawali, Impress na allunan gabatar da lacca. Ra'ayinmu shi ne fuskar da suka yi tarayya a kanta tana da nahawu guda. Wanda ya koye shi sau ɗaya ya huta, muddin ya san wuraren da ƙa'ida take karyewa.

2. Abin da suka yi tarayya a kai

Ƙa'ida ta farko ita ce tsarin jimla: a zaɓi abu tukuna, sannan a faɗi aikin da za a yi masa. Ko kalma ce, ko gidan jadawali, ko hoto, karɓau ke riga aikatau.

Ta biyu ita ce mazauni. A fuskar Faransanci, Fichier, Édition, Affichage, Insertion da Format ne ke buɗe jerin umarni a duka ukun, kuma Ctrl+S na adanawa, Ctrl+Z na warware kuskure.

Ta uku ta shafi haruffa masu ƙugiya. Tagar haruffa na musamman ɗaya ce a ko'ina, ƙarƙashin Insertion. Akwai kuma gajeriyar hanya a Windows: a rubuta lambar Unicode ta harafin, a danna Alt+X.

(1) 0253 → ɓ; 0257 → ɗ; 0199 → ƙ; 01B4 → ƴ

Ɗalibin da ya hardace waɗannan lambobi zai iya rubuta kundinsa da jerin kalmominsa da allunan kare aikinsa ba tare da ya sake dabara ba.

3. Inda kama ke yaudara

Kamar yadda kalma ɗaya kan sauya ma'ana daga wannan kari zuwa wancan, haka umarni ɗaya kan sauya aiki tsakanin ƴan gida guda. Maɓallin F5 a Writer yana buɗe tagar kewaya matani, amma a Impress fara nuna alluna yake yi.

Misali na biyu ya fi haɗari. Masu nahawu kan sa alamar = gaban ɗafi, kamar haka:

(2) gida=n sarki

Idan muka ware ɗafin muka rubuta =n shi kaɗai, Writer zai bar shi yadda yake. Calc kuwa duk abin da ya fara da = lissafi yake ɗaukarsa, sai ya nuna kuskure a gidan. Maganin shi ne a mai da tsarin gidajen zuwa Texte kafin a fara shigar da bayanai.

Na uku shi ne gyaran kai-tsaye. In an kunna shi, yakan musanya miƙaƙƙiyar alamar hamza ta jami'a ko sa'a da lanƙwasasshiya, kuma in harshen matanin Faransanci ne yakan saka tazara kafin alamar tambaya. Ido ba ya damuwa da bambancin, amma ga na'ura haruffa biyu ne dabam. Mai ƙirga kalma a tarin matani yana iya samun adadin da bai cika ba, ya gina hujja a kansa bai sani ba.

4. Kammalawa

Shawararmu ga masu koyarwa ita ce kada a raba darasi manhaja-manhaja. A fara da abin da ya haɗa su, sannan a bi da jerin togaciya, kamar yadda muke koyar da jam'in suna. Ga ɗalibai kuma, kafin a shigar da bayanan fage, a tsai da harshen matani, a duba gyaran kai-tsaye, a gwada neman kalma ɗaya mai hamza. In adadin ya yi daidai da abin da aka ƙirga da hannu, sai a ci gaba.